Wa Ke Zaɓa Wa Ɗalibi Littafin Da Zai Karanta?

A shekarar 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta wani ɗan ƙaramin littafi da Larabci mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya zauna a gabansu da littattafan da ya sauke a wurin kowannensu. Duk mai son sanin abin da almajirin ilimi yake karantawa a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, nan yake fara dubawa. Ni ɗan Kende ne, cikin ƙaramar hukumar Bagudo, dab da iyakarmu da Jamhuriyar Benin, kuma ƙasarmu tana cikin masarautar Gwandu wadda Malam Abdullahi ya kafa. Saboda haka nake ɗaukar wannan jeri nasa gadon gida, kuma daga kansa nake so in bi tarihin wata rigima da na tarar a ajin kwaleji, wato rigimar wane littafi ya cancanci a ɗora wa ɗalibi, da abin da ya kamata a yi idan ɗalibin ya ce ba zai karanta ba.

A cikin jerin akwai abin da kowa zai zata: Ishiriniya da Witiriya na yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da littattafan nahawu, da na fiƙihun Malikiyya. Amma akwai kuma waƙoƙin mawaƙan Larabawa shida na zamanin jahiliyya, waɗanda malaman zaure suke kira Shu'ara, akwai kuma Maƙamar Hariri. Wanda ya taɓa zama aka fassara masa Imru'ul Ƙaisi baiti bayan baiti ya san abin da ke ciki: mutum ne yana alfahari da yadda yake kai wa mata ziyarar dare. Ɗarafa kuwa giya yake yabo. Ita Maƙama, labarai hamsin ne na wani tsohon mayaudari, Abu Zaidi, mai shiga gari da rawanin malamai ya sa jama'a kuka da wa'azi, ya karɓe musu kuɗi ya sulale. Waɗannan su ne littattafan da mutumin da ya rubuta tafsirin Liya'ut Ta'awili ya karanta, ya kuma ambace su ba tare da jin kunya ba.

Dalilin malaman a fili yake. Larabcin Alƙur'ani ba ya buɗuwa sosai sai ga wanda ya san yadda Larabawan farko suke sarrafa harshensu, harshen nan kuwa a bakin waɗannan mawaƙa aka adana shi. Sai suka ware wa littafin lokacinsa, ba a ba yaro shi sai ya yi nisa a karatu, kuma ba ya karanta shi shi kaɗai a ɗaki. Malam yana zaune, yana fassarawa, yana tsayawa inda ya kamata a tsaya ya ce wannan halin jahiliyya ne, ga kalmar da muke nema, ga inda ta zo a Alƙur'ani. Shi kansa Hariri, wanda ya rasu a 1122, ya san za a tuhume shi da shirya ƙarya, don haka tun a gabatarwar littafinsa ya kare kansa da cewa labaransa ɗaya suke da misalan da ake sakawa a bakin dabbobi don a koyar da hikima. Ashe ƙorafi a kan littafi ya girmi makarantar boko da ɗaruruwan shekaru.

Wani abu ya faru a zamanin jihadi wanda ya kamata duk mai riƙe da ashana kusa da littafi ya sani. Lokacin da Shehu Muhammadu El-Kanemi na Barno yake musayar wasiƙu da shugabannin Sakkwato, cikin laifuffukan da ya jingina wa mayaƙansu har da wulaƙanta littattafai, ana watsar da su a hanya alhali da sunan Allah a cikinsu. Muhammadu Bello bai share zancen ba. Ya ba da labarin wani gari da aka ci, wanda masana tarihi suke ɗauka 'Yandoto ne, tsohon garin malamai da ke kusa da Tsafe, ya ce ya ga iska tana ɗibar takardu, ya bi yana tsincewa har ya gaji, ransa ya ɓaci, kuma wannan aikin jahilan cikin runduna ne. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda muka san wannan magana. Bello ne da kansa ya kwafe wasiƙun abokin hamayyarsa ya saka su cikin Infaƙul Maisuri, sannan ya biyo su da amsa. Ya bar wa na baya tuhumar da raddin a wuri guda domin su auna da kansu.

Jerin littattafan boko na Hausa kuwa yana da ranar haihuwa. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya biranen Arewa yana neman masu ilimi su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa babbar wahalar da ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda labarin da ba gaskiya ba ya cancanci tawada da takarda, domin a ganinsu tatsuniya aikin mata da yara ce da dare. Duk da haka aka samu littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937. Waɗannan suka zama ginshiƙin karatun Hausa daga firamare har jami'a, kuma yau idan dattijo yana kukan lalacewar rubutu, su yake nunawa a matsayin littattafan tarbiyya.

Ina ƙaunar waɗannan littattafai, amma a duba abin da ke cikinsu da idon gaskiya. Ruwan Bagaja tun daga farko har ƙarshe damfara ce tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, kuma wanda ya san Abu Zaidi na Maƙama zai gane ƙaninsa ne ya sa rigar Hausa. Jiki Magayi labarin soyayya ne: mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwarsa Zainabu, saurayin ya shiga duniya neman asirin ramuwa, har abin ya ƙare da ɗa ya kashe ubansa. Shaihu Umar ya buɗe cinikin bayi a fili, da hannun sarakuna da fatake a ciki. Da a ce yau wata matar aure a Kano ta rubuta ɗaya daga cikinsu ta kai kasuwa, da wuya ya tsira daga masu tace littattafai. Abin da ya wanke su shi ne tsufa, da kuma sunan waɗanda suka rubuta su. Sannan a lura, marubutan duk maza ne, ma'aikatan gwamnati ko na En'e, daga tsakiyar manyan masarautu. Sai a 1980, bayan shekara 46, kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ake lissafa shi a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa.

Kafin in zo kan mata da kasuwar Kano, akwai wani ƙorafin ɗalibai da ya shafi ƙasarmu ta bakin Kwara kai tsaye, ko da yake a Ibadan aka yi shi. Garin Illo da ke cikin ƙaramar hukumarmu asalinsa ɗaya ne daga manyan garuruwan Bargu, ƙasar da yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta tsaga biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa ta faɗa hannun Ingila. A ɓangaren Ingila ne wani Bature mai suna Joyce Cary ya yi aikin Di'o daga 1917, yana karɓar haraji yana fasa hanyoyi. Da ya koma gida ya zama marubuci, a 1939 ya fitar da Mister Johnson, labarin wani akawu ɗan Kudu a wani ƙagaggen gari na Arewa, mai son Turawa kamar ransa, mai dariya da waƙa ko da yana cikin bala'i, wanda a ƙarshe ya roƙi ubangidansa Bature ya harbe shi maimakon a rataye shi. Malaman Turawa na Kwalejin Jami'a ta Ibadan suka ɗora wa ɗalibansu littafin da kyakkyawar niyya, suna ganin sun kawo musu labarin ƙasarsu, wato a nasu lissafin sun faɗaɗa jerin karatu ke nan. Chinua Achebe, wanda ya shiga kwalejin a 1948, ya ba da labarin yadda ajin ya tayar wa malamin, har wani ɗalibi ya ce wurin da ya ji daɗi kaɗai a littafin shi ne inda aka harbe Johnson.

Waɗannan ɗalibai suna da gaskiya, kuma sun san suna da gaskiya ne domin sun karanta littafin har bangon ƙarshe. Ba su nemi a cire shi daga ɗakin karatu ba. Ɗaya daga cikinsu ya tafi ya rubuta Things Fall Apart, aka buga a 1958, kuma yau shi ake karantawa a duniya, Mister Johnson kuwa galibi ana tunawa da shi ne saboda amsar da ya jawo. Shekara goma bayan haka, a 1968, Ngugi wa Thiong'o da abokan aikinsa biyu a Kwalejin Jami'a ta Nairobi suka rubuta takardar neman a rushe sashen Ingilishi a sa adabin Afirka a tsakiyar manhaja. Mu a Arewa namu yaƙin ya zo a makare, kuma tsakaninmu da junanmu aka yi shi.

Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai samari da matan aure suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya da Alhaki Kwikwiyo Ne da Wa Zai Auri Jahila?, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta fitar da Allura Cikin Ruwa. 'Yan mata suna karɓar haya, littafi ɗaya ya zaga unguwa har bangonsa ya yage. Ibrahim Malumfashi, wanda yake koyarwa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a lokacin, shi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onica, kuma ya soke su da rashin inganci da kwaikwayon finafinan Indiya. A 1999 muhawarar ta yi zafi a shafin adabi na jaridar New Nigerian wanda Ibrahim Sheme yake kula da shi, inda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a kan cewa waɗannan littattafai sun sa dubban mata karatu da rubutu, abin da shirye-shiryen yaƙi da jahilci na gwamnati suka daɗe suna nema.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Da yawa daga littattafan an rubuta su cikin gaggawa, ƙa'idar rubutu a karye, labarin kuma ɗaya ne ana sauya wa taurarinsa suna. Amma a cikin tarin akwai waɗanda suka faɗi abin da littattafan 1934 ba su taɓa faɗa ba, domin masu rubuta su sun ɗanɗana shi a jikinsu. Balaraba an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, sai ta rubuta labarin Abu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho. Muhawarar ta yi amfani ta wata fuskar da ba a zata ba: don a soki littattafan sai da aka karanta su, don a kare su ma sai da aka karanta su, da haka suka shiga kundayen digiri a Kano da Zariya da Sakkwato, daga nan suka gangaro cikin jerin karatun kwalejoji.

Gwamnati kuwa wata hanya ta bi. An kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano a 2001. A 2007 Gwamna Ibrahim Shekarau ya jagoranci ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun 'yan mata a makarantar sakandare, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, kuma a shekarar ce aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar tacewa, wanda ya nemi kowane marubuci ya yi rajista. Ba na shakkar cewa masu wannan aiki tsoron lalacewar 'ya'yansu ne ya motsa su, tsoron kuma ba na banza ba ne. Sai dai a duba inda aka kwana. Cikin 'yan shekaru rubutun ya bar takarda ya koma wayar hannu, ana sayar da shi babi-babi a WhatsApp da Wattpad, inda babu edita, babu malami, babu mai tacewa, kuma abin da ake rubutawa a can ya sa littattafan da aka ƙona sun zama kamar Magana Jari Ce.

Na shiga koyar da Hausa a wata kwalejin ilimi bayan wannan duka ya wuce, na tarar da rigimar tana jirana a aji. Ƙorafin da nake samu ba iri ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a yi masa amsa ɗaya. Akwai ɗalibin da ya ce Wa Zai Auri Jahila? cin mutuncin iyaye da malamai ne, ba zai taɓa shi ba. Na tambaye shi shafi nawa ya karanta, ya ce ya ji labarinsa. Irin wannan ba na sauya masa littafi. Nakan ce ya karanta har ƙarshe, ya rubuto mini tuhumarsa da lambar shafi, kuma makinsa yana kan ƙarfin hujjarsa ko da ta saɓa wa tawa. Sau da yawa takardar da ta fi kowace kyau a ajin daga irin waɗannan take fitowa, domin mai jin haushi yana karatu da ido biyu. Wani ya nuna mini cewa marubuciyar ta sa ilimin boko ya zama maganin kowace cuta a labarin, har darajar mace ta koma kan takardar shaidarta. Na ba shi maki mai yawa, domin akwai gaskiya a maganarsa.

Haka muka yi da waƙoƙin Muhammadu Gambo na Fagada, mawaƙin ɓarayi, ɗan jiharmu, wanda manazarta a Sakkwato, cikinsu har da Farfesa Aliyu Muhammadu Bunza, suka yi nazarinsa. Wasu ɗalibai suka ce sauraron mai kiɗan sata taimakon sata ne. Na karanta musu jerin Malam Abdullahi, na tambaye su ko Shu'ara ta mayar da shi mashayi. Sannan muka saurari waƙar tare, muna tsayawa muna tambaya: me ya sa talaka yake jin daɗin labarin ɓarawon da ya gagari alƙali da ɗan sanda? Amsar da suka bayar da bakinsu ta fi kowace lacca da zan yi musu a kan zalunci da cin hanci.

Amma akwai ƙorafin da ba na jayayya da shi. Wata ɗaliba, matar aure, ta same ni bayan darasi ta ce ba za ta iya zama a aji ɗaya da maza ana tattauna daren da tsohon ya je wa Abu da ƙarfi ba. Ba ta faɗi dalili ba, ban kuma tambaya ba. Na ba ta Alhaki Kwikwiyo Ne, na marubuciya ɗaya, mai nauyi ɗaya, ta rubuta jarrabawarta a kansa. Tun daga lokacin nakan sanar da aji abin da ke cikin littafi kafin a fara shi, kuma akwai shafukan da kowa yake karantawa a gida, ba a ɗaga murya da su a aji. Malaman zaure ma da suka zo wasu baitocin Imru'ul Ƙaisi sukan duba wanda ke zaune a gabansu kafin su fassara. Wasu abokan aikina suna ganin wannan sassauci ƙofa ce da kowane malalaci zai bi ya wuce. Ban ga haka ba, domin littafin da nake bayarwa a madadi bai fi na farko sauƙi ba, kuma malalaci yana gane hakan da wuri.

Ƙorafin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika yi ba. Duk wannan faɗaɗawa da aka sha wahala a kanta, daga 1934 zuwa yau, ba ta fita daga da'irar Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato ba. A kasuwannin ƙasar Bagudo mutum yana jin Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci da Kyanganci da Busanci a yini ɗaya, 'yan'uwanmu kuma suna Malanbil da Segbana a Benin, suna Gaya a Nijar. Ɗalibin da ya fito daga nan zai gama kwaleji ya san lungunan birnin Kano daga littafi, amma bai taɓa cin karo da masunci a kan Kwara ko manomin shinkafar fadama ko mai fataucin tsallaka iyaka a shafin da aka ce ya karanta ba. A hankali sai ya ɗauka cewa labari abu ne da yake faruwa a wani wuri.

Littattafan da za su rage wannan giɓi suna nan, iyaka ce ta tare su. A 1980 Abdoulaye Mamani na Nijar ya wallafa Sarraounia, labarin Sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, a ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi, wadda mutanenta dangi ne ga Arawan Kangiwa a jiharmu. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Boubou Hama, wanda ya rasu a 1982, ya bar littattafai masu yawa a kan tarihi da tatsuniyoyin Zabarmawa da Sanwai. Duk da Faransanci aka rubuta su, harshen da ɗalibanmu ba sa ji ko da yake daga garinmu ana zuwa inda ake koyar da shi a kan babur. Kuma na san ranar da Sarraounia zai shigo aji da Hausa, ƙorafi zai biyo shi, domin jarumar ba musulma ba ce, tsafin Azna take yi, marubucin kuma bai yi wa maƙwabtanta musulmi sassauci ba. Zan ɗora shi duk da haka, in haɗa shi da abin da marubutan Sakkwato suka rubuta a kan zuwan Nasara, ɗalibi ya riƙe biyun.

Kafin a samu mai fassarawa, abin da ke hannuna shi ne ɗaliban kansu. A zangon da ya wuce na sa kowane ɗalibi daga yankin iyaka ya ɗauko labari ɗaya daga bakin tsoho ko tsohuwar gidansu, da harshen da aka faɗe shi, ya rubuta shi gefe da gefe da fassarar Hausa, aka tara su aka buga a injin kwafi, ajin da ke biye zai karanta su tare da Ruwan Bagaja. Masu Zabarmanci da Fulatanci ba su sha wahala ba. Masu Kyanganci ne suka dawo suna tambayar yadda za su rubuta wasulan da ake fitarwa ta hanci, waɗanda baƙaƙen Hausa ba su da alamarsu, kuma biyu daga cikinsu sun ce kakanninsu ne kaɗai suka rage masu jin harshen sosai a gidajensu.